Tsohuwar askar Ingila ta yi tsatsa, ya ake dawo da ita?

Jikan Wanzami, Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙarfe. A zabirar kakana, Allah ya jiƙansa, akwai aska irin ta Turawa mai naɗewa, wadda ruwanta ke shigewa cikin ƙota. Tsatsa ta rufe kusan rabin ruwan, wani wuri ja, wani wuri baƙi. A wuyanta an buga Joseph Rodgers & Sons, Sheffield, England, ga alamar tauraro da ɗan kuros a gefe. Ƙotar baƙa ce, ta ɗan karkace. Wani ya ce in jiƙa ta a ruwan khal ta kwana, wani ya ce in kai wa mai walda. Ba sayarwa zan yi ba, so nake ta koma aski. Ga hotuna nan.

Oga Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Wannan ai ba aiki ba ne. Kawo ta a ɗora a inji, burushin waya ya bi ta, kafin ka gama shan shayi ta fito fes. Adduna da wuƙaƙen mahauta nawa muke yi wa haka kullum.

Maƙerin Tudun Wada:
Oga, don girman Allah kada ka ɗora masa wannan askar a inji. Adda daban, aska daban. Ka dubi hoto na biyu da kyau, za ka ga an rarake gefunan ruwan, daga gadon bayanta zuwa baki sai ƙara siranta take, har bakin ya kusa zama takarda. Ƙarfen da ya kai wannan siranta ba shi da inda zai kai zafi. Dutsen inji na taɓa shi, nan take ya ɗauki wuta.

Ga dalilin da ya sa hakan ɓarna ce. Mai ƙera aska yana gasa ƙarfen har ya yi ja, ya tsoma shi ya huce farat ɗaya, sai ya yi tauri ƙwarai amma da saurin karyewa. Daga nan ya sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 da ɗoriya, don ya rage masa gautsi. Wannan ɗumamawar ta ƙarshe ita ce ran askar. In zafin inji ya wuce wannan mataki, za ka ga bakin ya sauya launi, ya yi ruwan ɗorawa, ya wuce zuwa shuɗi a wajen digiri 300. Da ka ga shuɗin nan, taurin wurin ya tafi. Za ta wasu, amma kafin ka gama aske kunci ɗaya ta dakushe. Kuma ba mai iya sake yi mata wuta, don siririn ruwa irin wannan in aka sake tsoma shi murɗewa yake ko ya tsage.

Ban ma zo kan haɗarin ba. Burushin waya na iya fizge ta daga hannunka, ta tashi gutsi-gutsi.

Oga Mai Walda:
Malam, ai ana tsoma ta a ruwa lokaci-lokaci. Mu ma mun san zafi.

Maƙerin Tudun Wada:
Na yarda ka sani, ba raina sana'arka na yi ba. Su kansu masu sana'ar a Sheffield da dutse mai juyawa suka rarake ta, amma dutsen a jiƙe yake juyawa, ruwa na bin sa kullum. Injinka busasshe ne, kuma gudunsa ya yi yawa. Bakin askar zai ƙone kafin yatsanka ya ji ɗumi.

Mai Tsoffin Kaya, Kurmi:
Jikan Wanzami, ka riƙe abu mai kyau. Gidan Joseph Rodgers ya kasance cikin manyan maƙeran birnin Sheffield, shagonsu na lamba 6 a titin Norfolk ya yi suna a duniya, kuma tauraro da kuros ɗin nan tambarinsu ne. Kayansu sun bazu duk inda Ingila ta yi mulki, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a same ta a zabirar wanzami a Zariya.

Game da shekarunta, kalmar England da aka buga tana taimakawa. A 1890 Amurka ta yi dokar haraji da ake kira ta McKinley, wadda ta wajabta a rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigowa da su, daga 1891 masana'antun Sheffield suka riƙa ƙara England a tambari. To galibi aska mai wannan kalma bayan lokacin aka yi ta. Kuma ka lura ƙarfenta ba irin wanda ba ya tsatsa ba ne. Shi wancan, a Sheffield ɗin dai Harry Brearley ya gano shi a 1913, amma masu aska sun daɗe suna riƙe da tsohon ƙarfe mai kabon saboda ya fi saurin ɗaukar kaifi. Abin da ya ba ta kaifi shi ne ya sa take tsatsa.

Roƙona ɗaya: duk abin da za ka yi, kada ka goge rubutun wuyan nan. Na sha ganin askar da aka goge har ta zama madubi, sunan maƙerinta ya tafi, ba ka sanin ta Ingila ce ko ta jiya ce.

Hassan na Kumasi:
Ni fa ruwan khal nake amfani da shi wajen almakashi da sifana, kuma yana ci sosai. Lemon tsami ma haka. Me zai hana a nan?

Maƙerin Tudun Wada:
Yana ci, shi ne ma matsalar. Tsami bai san inda tsatsa ta ƙare lafiyayyen ƙarfe ya fara ba. Sifana tana da kauri, ko ya ci kaɗan ba ka gani. A bakin aska ɗan abin da zai ci shi ne askar gaba ɗaya. Yana ƙara zurfafa ramukan da tsatsa ta haƙa, ya bar ƙarfen toka-toka, in akwai zanen ado a fuskar ruwan ya dusashe shi. Kana fito da ita kuma, in ba ka wanke ka shafa mai nan take ba, sabuwar tsatsa ta hau kafin ta bushe. Sannan ƙotar fa? In ƙaho ce, kwana a cikin ruwa zai sa ta ɓarke sala-sala.

Jikan Wanzami, ga yadda zan bi da ita da tawa ce. Ka ɗiga mata man keken ɗinki ko kananzir, ta sha na kwana ɗaya. Jar tsatsar da ta yi tudu, ka kankare ta a hankali da gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe ko guntun tagulla, don sun fi ƙarfen askar laushi, ba za su ƙarce shi sosai ba. Ka goge da tsumma.

Daga nan kada ka fara sanfefa tukuna. Mutane da yawa nan suke asarar wahalarsu. Ka fara kai ta kan dutsen washi mai lamba 1000 (a dutse da sanfefa, lamba na hawa laushi na ƙaruwa), ka wasa bakin har sabon ƙarfe ya fito, ka duba a rana, in da gilashin ƙara girma ya fi. In bakin ya fito layi ɗaya mai sheƙi daga wuya zuwa tsini, askar tana da rai, sai ka ci gaba. In kuwa ka ga ƙananan huji jere a bakin, ka wasa sun tafi wasu sun fito, to tsatsar ta shige ciki, gara ka sani tun yanzu kafin ka ɓata mako kana gogar fuska. Tsatsar gadon baya muni kawai take jawowa. Ta baki ita ke kashe aska.

Baba Wanzam, Katsina:
Ɗana ne ke rubuta mini. Maƙeri ya faɗi gaskiya. Mu tun muna yara a gindin iyayenmu, ba a duba fuskar aska, baki ake dubawa. Askarmu ta maƙeran gida ba ta naɗewa, kuma ta fi wannan jiki, kana iya wasa ta yadda hannunka ya saba. Ta Turawa kuwa ba ta son a ɗaga mata baya. Kwantar da ita ake a kan dutse, baya da baki duk su taɓa. Yaro, baƙin da ka gani a jikinta ka bar shi. Ja ne mai ci. Baƙin ya riga ya zauna, ba ya ƙara gaba in tana shan mai.

Jikan Wanzami, Zariya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na gode ƙwarai. Amma Baba, da na so in ga ta yi haske kamar sabuwa. Laifi ne?

Mai Tsoffin Kaya, Kurmi:
Kafin Baba ya amsa, ni dai ra'ayina a bar ta da tabonta. Kowane rami da kake son ka ɓatar, sai ka cinye duk ƙarfen da ke kewaye da shi har ya kai zurfin ramin. A ruwan da aka riga aka rarake, ina ƙarfen da za ka bayar? Aska mai shekaru kusan ɗari ko fiye ba abin kunya ba ne ta nuna shekarunta.

Hassan na Kumasi:
Alhaji, nan kam ban bi ka ba. Kai mai tarawa ne, shi mai aski ne. Ramin da ka bari nan ruwa da sabulu za su riƙa maƙalewa, nan tsatsa za ta dawo, musamman mu da ke inda damina ba ta ƙarewa. Abin da za a ɗora a fuska ya kamata ya zama sumul. Kuma wanda ya ƙera ta da sheƙi ya fitar da ita daga shago, ba da baƙi ba.

Mai Tsoffin Kaya, Kurmi:
Da sheƙi ya fitar da ita, haka ne, amma da kaurin da ya auna mata. Sheƙin ana iya dawo da shi kowace rana. Ƙarfen da ka goge ba ya dawowa.

Maƙerin Tudun Wada:
Ku duka biyu kuna da hujja, kuma askar ce za ta raba gardamar. Ramuka marasa zurfi a tsakiyar fuska, a bi su da sanfefa. Masu zurfi, a tsabtace cikinsu a bar su. Hassan ya yi daidai cewa ba a barin jar tsatsa a cikin rami, sai an fitar da ita tas.

Yadda ake gogar: ka fara dakusar da bakin da gangan, ka ja shi sau biyu a jikin kwalba, don yatsunka. Na san za ka ce ai yanzu na wasa, to wancan gwaji ne kawai. Ka kwantar da ruwan a kan katako mai faɗi yadda bakin ba zai rataya a iska ba, in ya rataya ka danna sai ya ɓalle. Sanfefar masu fentin mota za ka nema, irin wadda ake jiƙawa. Ka fara da 400, in ta gagara ka sauko 220, amma kada ka yi ƙasa da haka. Ka naɗa ta a jikin toton kwalba ko guntun tiyo don ta bi lanƙwasar ruwan, ka ɗiga mai. Kada ka bar lamba ɗaya sai ƙarcen wadda ta gabace ta ya ɓace: 400, 600, 1000, 2000. In ka yi tsalle, ƙarcen zai fito maka a ƙarshe, dole ka koma baya. Sai man goge ƙarfe irin Autosol da tsumma mai laushi.

Wuri ɗaya da za ka kiyaye bayan rubutun shi ne gefen gadon baya. Kaurin bayan da faɗin ruwan su ke ba da kusurwar kaifi. Faɗin yakan ninka kaurin sau uku da rabi ko kusa da haka, abin da ke ba da kusurwa wajen digiri 16 zuwa 17. Shi ya sa Baba ya ce a kwantar da ita. In ka cinye bayan a wani wuri fiye da wani, bakin ba zai taɓa zama daidai a kan dutse ba. Wasu sukan manna salatif na masu wutar lantarki a bayan lokacin washi don kare shi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa. Ni ma ina da guda biyu a akwati ɗaya, ɗaya ta Faransa an rubuta Thiers, ɗaya ta Jamus an rubuta Solingen. Ta Jamus ɗin ƙotarta mai kyau, ruwan zuma, haske na ratsa ta. Abin da ya ɗaure mini kai, na goge ta bara na shafa mai, bana na buɗe ta yi tsatsa fiye da da. Kuma tsatsar daidai inda ruwan ke shiga ƙota ta tsaya, gadon bayan da ke waje fes yake. Mu nan ba mu da laima, to daga ina?

Mai Tsoffin Kaya, Kurmi:
Subhanallah. Ɗan'uwa, ka tashi yanzu ka raba su akwati. Ƙotar ce ke cin askar.

Wannan ƙota ba ƙaho ba ce, seluloyid ce, tsohuwar roba da aka fara yi tun ƙarni na 19, ana haɗa ta da auduga da aka sarrafa da asid da kuma kafur. An yi ƙotocin aska da ita ba adadi saboda tana kwaikwayon hauren giwa da ƙoƙon kunkuru da araha. In ta tsufa, wata takan fara ruɓewa, tana fitar da tururin asid a hankali. Tururin ne ke cin ƙarfe, shi ya sa tsatsar ta bi sawun ƙota daidai. Masu launin zuma da masu ratsin kunkuru sun fi yawan yin haka. Ka shinshina, za ka iya jin tsami-tsami ko warin kafur. In ta fara ba ta tsayawa, ba man da ke hana ta, kuma tana kama duk ƙarfen da ke kusa a rufaffen wuri. Ta Thiers ɗinka tana cikin haɗari.

Magani ɗaya ne, a cire ƙotar a yar. Kuma kada ka kai ta kusa da wuta ko ka huda ta da ƙarfe mai zafi, seluloyid tana kamawa bal-bal.

Ɗan Damagaram:
Na raba su yanzun nan. Wallahi akwai warin, da na ɗauka na akwatin ne. Ta Faransa ta fara ɗigo-ɗigo a gefen da ke kallon ɗayar. Allah ya saka da alheri, Alhaji.

Jikan Wanzami, Zariya:
To ni ya zan gane tawa?

Baduku:
Daga hotonka ƙaho ce. Ka ga zare-zaren da ke bin tsawonta, da ɗan wurin da ƙwaro ya ci kusa da ƙusar da ta haɗa ruwan da ƙota? Ƙwaro ba ya cin roba. Ka goga ta da ƙarfi a tsumma ta yi ɗumi, ƙaho warin gashi yake yi. Bushewa ce ta dame ta. Ka shafe ta da man keke ta sha kwana biyu, Turawa da man ƙashin ƙafar shanu suke yi, ka bi ta da sanfefa mai laushi, za ka sha mamakin yadda baƙinta zai dawo. Karkatar kuma da ɗumi ake gyara ta, a matse tsakanin katako biyu har ta huce, amma wannan sai an cire ƙusa. Tunda wannan ce ta farko a hannunka, in ruwan na shiga ba ya gugar gefe, ka bar ƙusar nan. Wajen fitar da ita ne ƙaho ke tsagewa. Dattin da ke maƙale a mahaɗa, zare mai kauri da ɗigon mai za su fitar da shi.

Fatar washi kuma kada ka ɗauko bel ɗin wandonka mai ɗinki da huji. Fatar sa mai sumul, wadda ba a yi mata fenti ba, faɗin yatsu uku. A dutse baki ke gaba, a fata baya ke gaba, kuma a kan bayan ake juya ta. In ka juya a kan baki ka yanka fatar ka naɗe kaifin.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:
Ku yi haƙuri in sa baki, mahaifina ma da irin wannan yake aski. Biyu nake so a kiyaye. Na farko, mutane na cewa tsatsa ke kawo ciwon sarƙe haƙora. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, ba tsatsar ce ke haifar da ita ba, sai dai tsohon ƙarfe mai datti na iya ɗauke da ita. Wanda zai yi wannan aiki ya tabbata allurar rigakafinsa ba ta daɗe ba, in ya yanke ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa.

Na biyu ya fi damuna. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7 a wajen jiki. Askar da ta shekara da shekaru a zabira ba wannan ne matsalarta ba, matsalar daga ranar da ta koma aiki ne. Ta zama taka kai kaɗai. Ba aro, ba askin jariri ranar suna, balle kaciya ko tsaga. Ka wanke da sabulu, ka goge da sifirit, ka busar. Kada ka tsoma ta a bilic, yana cin irin wannan ƙarfe.

Baba Wanzam, Katsina:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni yanzu kowane kai da sabuwar rezarsa, a gaban mai shi nake ɓare ta. Tsofaffin askata na nan a naɗe cikin tsumma mai mai, gemuna kaɗai suke taɓawa.

Jikan Wanzami, Zariya:
Jama'a, na dawo da labari. Ta sha mai, na kankare, na samu dutse mai 1000 wajen wani mai sayar da kayan kafintoci. Bakin ya fito layi ɗaya tun daga wuya, sai dab da tsini akwai huji ɗaya da farce ke ji. Ban taɓa sanfefa ba tukuna. In ci gaba?

Maƙerin Tudun Wada:
Madalla, askar tana da rai. Huji ɗaya ba komai ba ne. Ka yi gogar fuskar yanzu, in ka gama ka dawo kan 1000 ɗin. Kada ka tsaya a kan tsinin kaɗai kana ci, bakin zai karkace. Ka riƙa jan ruwan gaba ɗaya, daga wuya zuwa tsini, gefe da gefe daidai, ba dannawa, har hujin ya fice da kansa. Kada ka bar wannan dutsen sai ta aske gashin hannunka a kowane sashe na bakin. Bayan nan kana buƙatar masu laushi, 4000 da 8000, kafin fata. Dutsen wuƙar kicin ba zai kai ka can ba. Masu hali suna neman dutsen Beljiyam mai ruwan ɗorawa ko na Japan, amma sanfefa 2000 zuwa sama da aka shimfiɗa a kan gilashi mai kauri tana rage hanya kafin ka samu.

Oga Mai Walda:
Har yanzu ina ganin aikin ya yi tsawo a kan aska ɗaya. Amma gilashi mai kauri ina da guntaye a shago, in kana so in yanka maka.

Ɗan Damagaram:
Baduku, na goge kan ƙusar da magagari, ƙotar ta fita, na jefar da ita. Ruwan na nan cikin mai. Ƙahon sa na mahauta zai yi sabuwar ƙota?

Baduku:
Zai yi, amma ba ɗanye ba. Ka nemi wanda ya bushe sosai, a tsaga shi, a ɗumama a matse ya miƙe, a bar shi ya zauna makonni kafin a yanka, in ba haka ba zai koma lanƙwasarsa. In kana sauri, katako mai tauri irin kanya ko maɗaci ya fi sauƙi. Ƙusar tagulla ce, kaurin milimita ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Da ka auna tsohuwar kafin ka yar da ya fi, amma ɗora ruwan a kan takarda ka zana shi, ka turo hoton tare da ruler a gefe, zan fitar maka da fasalin.